Yadda ake gina jinsin halittu masu shiga jikin mutum a ƙagaggen labari

Tambaya: Ina rubuta ƙagaggen labari game da wani jinsi na shaiɗanun halittu da suka fito daga wata duniya. Ba su da jiki na kansu, sai dai su shiga jikin mutane su mallake su. Na ba su ƙarfin mutum goma, ba sa mutuwa, suna karanta abin da ke zuciyar mutum, kuma suna iya sauya jiki duk lokacin da suka ga dama. Amma mutum uku da na bai wa babi biyar na farko sun ce ba su ji tsoro ba, ɗaya ma ya ce bai yarda da halittun ba. Ina matsalar take, kuma yaya zan gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, na shafe shekaru ina tace rubutun marubuta kafin a kai shi ɗab'i, kuma irin wannan koke ya sha zuwa gabana, don haka tun ban ga babi biyar ɗin naka ba ina da zato mai ƙarfi a kan inda gizo ke saƙar. Ka lissafa mini abubuwa huɗu da halittunka suke iyawa, amma ba ka faɗa mini abin da suka rasa ba in ban da jiki, kuma shi ma jikin ba ka ce me suke nema a cikinsa ba. Halittar da ba ta mutuwa, ta fi kowa ƙarfi, ta san sirrin kowa, mene ne zai sa ta matsa kanta cikin jikin da ke jin yunwa, yana gajiya, yana tsufa, haƙori yana yi masa ciwo? Mai karatu ba lalle ne ya iya furta wannan tambaya ba, amma yana jin ta a ransa, kuma ita abokinka yake nufi da ya ce bai yarda ba. Irin wannan jinsi ana gina shi ne daga buƙatarsa, sannan daga abin da ya rage na mutumin da aka shiga. Ƙarfi da sauran baiwa daga baya suke zuwa, kuma galibi rage su ake yi.

Akwai maganar suna, wadda gara mu sallame ta da wuri. Na lura ba ka kira su aljanu ba, kuma ka kyauta. Mai karatu Musulmi yana da sani tabbatacce game da aljanu: Alƙur'ani ya ce daga harshen wuta aka halicce su, kuma akwai sura guda mai sunansu, ta 72, wadda ta nuna cewa a cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba. Idan ka ɗauki sunan ka ɗora wa abin da ka ƙago da kanka, duk dokar da ka shimfiɗa masa mai karatu zai auna ta da abin da ya sani, ya shiga gardama da kai maimakon ya bi labarin. Ko kalmar shaiɗanu ma ta fi dacewa ta zama sunan da mutanen cikin labarin suka laƙaba musu saboda tsoro, su kuwa halittun suna da abin da suke kiran kansu. Abin da za ka iya ara ba tare da rigima ba shi ne tsoron kansa, domin ya game duniya. Erika Bourguignon, masaniyar halayyar al'ummomi a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, ta bi bayanan al'ummomi 488 ta samu cewa kashi 74 cikin ɗari suna da imanin wani ruhi yana iya shiga mutum, kuma an buga sakamakon a 1973. Saboda haka ba ka da aikin shawo kan kowa cewa shiga jiki abin tsoro ne. Aikinka shi ne naka halittun su tsaya da ƙafafunsu.

Inda nake tura marubuta su koyi ma'anar buƙata shi ne wajen masana ƙwari, domin halittun da ke mallakar jikin wasu suna nan a zahiri, kuma babu ɗayansu da ke yin haka don mugunta ko nishaɗi. A dazuzzukan Tailan akwai wani nau'in fumfuna da masana ke kira Ophiocordyceps, wanda ke kama wata tururuwa mai zama a saman bishiyoyi. Idan ya bunƙasa a cikinta sai ta bar sahun 'yan'uwanta, ta faɗo ƙasa, ta hau wani ɗan tsiro, ta ciji jijiyar ganye ta ƙarƙashi a tsayin kamar santimita 25 daga ƙasa, yawanci da rana tsaka, kuma ba za ta saki ba har ta mutu. A wannan tsayi ne zafi da laima suka dace da fumfunan, kuma bayan 'yan kwanaki sai wani tsinke ya tsiro daga bayan kanta ya watsa iri a kan tururuwar da ke wucewa a ƙasa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Jihar Pennsylvania suka duba cikin irin wannan tururuwa, suka ga ƙwayoyin fumfunan sun kewaye tsokokinta sun haɗu da juna kamar raga, amma ba su shiga ƙwaƙwalwarta ba. Ba na cewa tururuwa tana da hankali irin namu, sai dai marubuci ya kamata ya tsaya a kan wannan hoto: gaɓoɓi a hannun baƙo, kai kuwa an bar shi yadda yake.

Akwai kuma wani zanzaro mai launin kore mai sheƙi da ke farautar kyankyaso. Yana harbinsa sau biyu, na farko a ƙirji don ƙafafun gaba su mutu na ɗan lokaci, na biyu a cikin kai, daidai inda jijiyoyin da ke tayar da motsi suke. Bayan haka kyankyason yana iya tafiya sarai, ƙafafunsa lafiya lau, abin da ya rasa kawai shi ne niyyar tafiya da kansa. Sai zanzaron ya kama shi ta ɗan gashin da ke kansa ya ja shi kamar akuya a igiya har cikin rami, ya saka masa ƙwai a ƙafa, ya toshe ramin, tsutsar da ta ƙyanƙyashe ta ci shi da ransa. Na uku ya fi waɗannan biyu dabara. Wata ƙwayar cuta mai suna Toxoplasma ba ta iya kammala haihuwarta sai a hanjin kyanwa, kuma masu bincike a Jami'ar Oxford sun nuna a shekara ta 2000 cewa ɓeran da ya kamu da ita yana daina gudun warin fitsarin kyanwa, wani ma har ya riƙa kusantarsa. Ɓeran yana ci, yana gudu, yana hulɗa da 'yan'uwansa kamar kullum, sai dai an zare masa tsoron da ke tsakaninsa da bakin kyanwa.

Ga hanyoyi uku na mallaka a gabanka, ɗaya ta ƙwace gaɓoɓi, ɗaya ta ƙwace niyya, ɗaya ta sauya abin da ake so da abin da ake tsoro. Yawancin rubutun da ke zuwa hannuna ta farko suke ɗauka, domin ita ce mai sauƙin nunawa: ido ya juya, murya ta sauya, mutum ya ɗaga abin da bai kamata ya iya ɗagawa ba. A ganina ta ukun ce ta fi ban tsoro kuma ita aka fi sakaci da ita, domin wanda aka yi wa ita zai rantse cewa shi ne ya zaɓi duk abin da ya aikata, kuma mai karatu zai rufe littafin yana tambayar kansa ta ina shi zai gane in an yi masa. Amma abin da nake so ka lura da shi a misalan uku shi ne kowane motsi da aka tilasta wa mai masaukin yana biyan wata buƙata takamaimiya. Santimita 25 ɗin nan ba ado ba ne. Ka zauna ka rubuta wa kanka, a jimla ɗaya, abin da halittunka ke samu a jikin mutum wanda babu shi a duniyarsu, sai ka ga halayensu sun fito da kansu. Idan haihuwa ce ke kawo su, jikin abin amfani ne na ɗan lokaci, za su zaɓi mai ƙarfi su yar da shi idan sun gama, kuma labarinka zai cika da gawawwaki. Idan kuwa duniyarsu ce ke mutuwa, jikin mutum mafaka ne, to za su kula da shi fiye da mai shi: mutumin da ya shekara ashirin yana shan taba zai daina rana ɗaya, ya fara kwanciya da wuri, ya riƙa zuwa ganin likita a kan ɗan tari, iyalinsa su yi ta murna. Wannan murnar ta iyali ta fi jan ido da kakkausar murya tayar da tsigar jiki.

Yanzu ga tambayar da na fi so ka daɗe a kanta, wato ina mai jikin yake lokacin da baƙon ke ciki. Wani masanin falsafa Bajamushe, Traugott Oesterreich, ya tattara bayanan shigar ruhi daga zamuna da ƙasashe daban-daban a 1921, ya raba su gida biyu: akwai wanda hankalinsa ke gushewa gaba ɗaya, ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba, akwai kuma wanda yake farke yana kallo. Marubuta suna son na farkon saboda yana wanke mai masaukin daga laifi kuma yana rage musu aiki, amma duk ɗanɗanon labarin yana cikin na biyun. Bayani mafi ƙarfi da na sani a kan wannan ya fito ne daga garin Loudun na Faransa. A 1632 wasu mata masu zaman zuhudu a wani gidan ibada na Katolika suka ce shaiɗanu sun shige su, shugabarsu Jeanne des Anges ta ce nata bakwai ne, kowanne da sunansa da gurbin da ya zauna a jikinta, wani a tsakiyar goshi, wani a ƙarƙashin haƙarƙari. A ƙarshen 1634 aka turo wani malamin coci, Jean-Joseph Surin, don ya fitar mata da su, sai shi ma ya wayi gari yana cewa an shige shi. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1635 ya bayyana cewa yana ji kamar yana da rai biyu, ɗaya an ture shi gefe an hana shi amfani da jikinsa yana kallon ɗayan yana abin da ya ga dama, kuma abin da ya fi damunsa shi ne baƙon ran ba ya jin sa a matsayin baƙo, yana jin sa kamar shi ne. Mutumin ya shafe kusan shekara ashirin cikin rashin lafiya bayan haka. Ko mene ne hakikanin abin da ya same shi, ya bar wa marubuta darasi: fushin baƙon da ƙyamar mai jikin daga baki ɗaya suke fitowa, kuma mai jikin ba koyaushe yake iya rarrabe wanne ne nasa ba.

Daga nan sai ka yanke abin da baƙon ke gada daga mai jikin. Shawarata ita ce ka ba shi ajiyar tunani amma ka hana shi sabo, wato ya san komai da mutumin ya sani, sai dai dole ya nemo shi kamar mai bincike a ɗakin da ba nasa ba. Ka ɗauki mace da mijinta da suka shekara goma sha biyu da aure. 'Yarsu ƙarama ta faɗi a bakin ƙofa ta kurje gwiwa, ta ɗago kai tana kuka tana kallon ubanta. Ya tsaya. Tsayuwar ba ta wuce numfashi ɗaya ba, sannan ya durƙusa, ya ɗauke ta, ya hura mata ciwon, ya kira ta da sunan wasan da shi kaɗai ke kiranta da shi, komai daidai babu kuskure. Matar tana tsaye da tawul a hannu, ba ta da abin da za ta faɗa wa kowa, domin me za ta ce, mijina ya yi jinkirin numfashi ɗaya? Da dare ta lura da abu na biyu. Tun yana yaro ya karye a ƙafar hagu, ƙashin ya warke tuntuni amma ɗingishin ya zame masa sabo, yau kuwa ya taka daga ƙofa zuwa gado sambal. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to a irin labarinka fuskar ce farkon abin da baƙon ke ƙwarewa a kai, sai dai jiki magayi, kuma a irin waɗannan ƙananan wurare yake tona asiri. Shafi ɗaya irin wannan ya fi babi guda na fasa bango da jifa da motoci.

Mai jikin ma ka bar masa wata 'yar kafa. A 1908 likita Kurt Goldstein ya ba da bayanin wata mata wadda, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki, hannunta na hagu ya riƙa aiki ba da izininta ba, har yakan kai ga maƙogwaronta sai ta sa na dama ta janye shi. Ka juya wannan hoto: a labarinka baƙon ne ke da jiki duka, mai jikin kuwa hannun hagu kaɗai ya rage masa, shi ma sai baƙon ya yi barci ko hankalinsa ya tafi wani wuri. Me mutum zai yi da hannu ɗaya da minti biyu a kowane dare? Zai rubuta wa matarsa kalma uku a bayan takarda, ko zai miƙa hannun ga wuƙa? Ka ga labari ya samu, kuma bai buƙaci ƙarfin mutum goma ba.

Dokar shiga ba ta buƙatar dogon bayani, amma dole ta kasance, kuma dole ka riƙe ta har ƙarshe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka ka faɗa mana mene ne tsagar: zazzaɓi mai zafi, suma, tsananin baƙin ciki, ko amincewar mutum da bakinsa. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne ka mayar da tsagar ta zama zunubi, ta yadda mugaye da masu kwaɗayi kaɗai ake shiga. Da zarar ka yi haka mai karatu ya samu wurin ɓuya, zai ce ai ni ba haka nake ba, tsoro ya tafi. Tsagar da kowa ke da ita ce ke hana barci. Sannan ka cire musu ikon sauya jiki duk lokacin da suka ga dama, ko ka ɗora masa farashi mai tsanani, kamar su rasa rabin abin da suka sani a kowace ƙaura, domin halittar da ke iya ficewa a kowane lokaci ba a iya tsare ta, ba a iya yi mata barazana, kuma babu wani fage da za ka rubuta da ita wanda zai sa zuciya ta buga.

Haka nan ka yi lissafi, abin da marubuta da yawa ke gudu. A ce halitta ɗaya ta shigo, kuma kowace wadda ke cikin jiki tana iya jawo 'yar'uwarta guda a kowane wata. Adadin zai riƙa ninkawa, a wata na 10 sun haura dubu, a wata na 20 sun haura miliyan, a wata na 33 sun zarce biliyan 8, wato sun fi mutanen duniya yawa kafin shekara uku ta cika. Idan labarinka ya ce sun daɗe a cikinmu tun ɗaruruwan shekaru, dole akwai abin da ke taƙaita su: ko adadinsu ƙayyadadde ne ba sa haihuwa, ko ƙofar da ke tsakanin duniyoyin ba ta buɗuwa sai nadiran, ko jikin mutum ɗaya cikin dubbai ne kawai ke iya ɗaukarsu. Kowanne ka zaɓa zai ba ka siyasarsu kyauta, domin abin da ya yi ƙaranci shi ake faɗa a kansa.

Wannan ya kawo mu ga kalmar jinsi da ka yi amfani da ita. Jinsi yana nufin jama'a, jama'a kuwa ba ta taɓa zama baki ɗaya. Idan dukan halittunka manufarsu ɗaya, muryarsu ɗaya, to dodo ɗaya ka rubuta ka yi masa kwafi. Ka tambayi kanka wa ke raba jikkuna a tsakaninsu, wa ke samun matashi mai lafiya wa ke samun tsoho mai ciwon gwiwa, kuma yaya suke kallon wanda ya daɗe a jiki ɗaya har ya fara son 'ya'yan mai jikin. A nan ne abin da na fi sha'awa yake, domin mallaka ba ta tafiya ta hanya ɗaya. Halittar da ba ta taɓa sanin barci ba yanzu tana mafarki, kuma mafarkan mai jikin take yi. Ba ta taɓa sanin tsoron mutuwa ba, yanzu zuciyar da take ciki tana bugawa da ƙarfi idan ta hau wuri mai tsayi, ko ta so ko ta ƙi. Ana cewa baƙo raɓa ne, amma baƙon da ya shekara talatin a gida ya zama wani abu dabam, kuma tsofaffin jinsin za su ƙyamace shi kamar yadda ake ƙyamar wanda ya manta asalinsa. Af, in kana neman sunan da mutanen labarin za su kira su da shi, harshen da kake rubutu da shi ya riga ya ba ka kyauta: baƙin ciki. A rubuce, baƙi na cikin jiki da ɓacin rai kalma ɗaya ce, kuma matar da ta ce mijina yana da baƙin ciki ta faɗi gaskiya sau biyu ba tare da kowa ya gane ba.

Sai maganar yadda mutane za su gane wanda aka shiga. Littafin ibada na cocin Katolika da aka fitar a 1614, zamanin Fafaroma Paul na Biyar, ya ambaci alamomi kamar magana da harshen da mutum bai taɓa koya ba, sanin abin da ke ɓoye ko nesa, da ƙarfin da ya wuce shekarun mutum da yanayinsa, kuma ya gargaɗi malamin da kada ya yi saurin yarda, ya fara rarrabe abin da rashin lafiya. Ka lura cewa waɗannan alamomi kusan su ne baiwar da ka lissafa mini, wato ka ba halittunka daidai abubuwan da za su tona musu asiri, alhali mai hankali a cikinsu ɓoye su zai yi. Gwajin da ya fi amfani ga labari shi ne wanda ke kuskure wani lokaci. A Loudun ɗin nan, malamin cocin garin, Urbain Grandier, wanda ke da abokan gaba masu ƙarfi, shi aka zarga da turo shaiɗanun, aka azabtar da shi, aka ƙone shi da ransa ranar 18 ga Agusta 1634 yana musun laifin, kuma matan suka ci gaba da abin da suke yi har 1637. Duk garin da ya yarda cewa maƙwabci yana iya zama ba shi ba ne, zai fara cin kansa tun kafin halittun su ɗaga yatsa. Akwai ma wata larurar ƙwaƙwalwa da likitan Faransa Joseph Capgras ya bayyana a 1923, inda mutum ke yarda cewa an musanya masa na kusa da shi da wani mai kama da shi sak. Matar da ta lura da jinkirin numfashi ɗaya, likitan da ta je wurinsa wannan larura zai fara zato, kuma ba za a ce ya yi wauta ba. Ka bar mai karatu cikin shakka tare da ita na babi biyu ko uku.

A nan akwai nauyi a wuyanka wanda ba zan tsallake ba. Alamomin da marubuta ke ara don nuna shiga jiki, wato faɗuwa, karkarwa, kumfa a baki, sauyin hali, jin muryoyi, alamomin cututtuka ne na gaske da mutane na gaske ke fama da su. Farfaɗiya ta daɗe tana shan wannan fassara. A 2007 likita Josep Dalmau da abokan aikinsa suka bayyana wani kumburin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda ya fi kama 'yan mata, yana zuwa da ruɗewa da fizge-fizge da baƙon motsi na fuska da gaɓoɓi, kuma yana jin magani idan an gano shi. A Jamus, a 1976, wata ɗaliba mai shekara 23 da ke da farfaɗiya ta mutu saboda yunwa da ƙishirwa bayan an yi mata zaman korar shaiɗanu sau 67 cikin kimanin wata goma, kuma a 1978 kotu ta samu iyayenta da malaman coci biyu da laifin sakacin da ya jawo mutuwa. Don haka ka ƙirƙiro wa halittunka alamominsu na kansu, waɗanda ba su yi kama da ciwon kowa ba. Hakan ya fi adalci ga marar lafiyar da zai iya karanta littafinka, kuma ta fuskar sana'a ma ya fi, tunda faɗuwa da kumfa an gan su har an gaji.

Fitar baƙon ita ce wurin da yawancin labarai ke yin arha. A yi karatu ko a kunna wata na'ura, hayaƙi ya fita ta baki, mutum ya buɗe ido ya rungumi iyalinsa. Idan ka bi abin da muka shimfiɗa, ba za ka iya rubuta haka ba, domin baƙon ya yi shekaru yana amfani da wannan ƙwaƙwalwa da waɗannan hannaye. Ka koma ga mijin nan. A ce an fitar da baƙon bayan shekara shida. Ɗingishinsa ya dawo, kwaɗayin tabarsa ya dawo, saurin fushinsa ya dawo. 'Yar da ta kurje gwiwa yanzu ta kai shekara goma, kuma uban da ta sani, mai haƙurin sauraro, wanda ya koya mata karatu, shi ne wanda aka kora. Akwai takardun da ya sa wa hannu a shekarun nan, akwai wani mutum da hannayensa suka kashe yana kallo, kuma alƙali zai so ya san wa zai hukunta. Matar da ta yi shekara shida tana fafutukar dawo da shi tana kwance a gefensa, ta ji ya juya yana gyara kwanciya kamar yadda ya saba tun farkon aurensu, abin da baƙon bai taɓa yi ba, kuma ta rasa dalilin da ya sa barci ya ƙi zuwa mata. In da ni ne kai, daga wannan dare zan fara babi na ɗaya, sauran labarin ya zo a waiwaye.